Kashin Yawo: A Tare Shi Tun Yana Fure

(Kiɗan buɗe shiri)

 Gaisuwa ta musamman ga manoma da makiyaya na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Sannunku da aiki, sannunku da fama da marka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kaka lafiya.

Yau a filinmu na noma da kiwo, maganarmu a kan kashin yawo take. Na san wani zai ce, to me kuma ya rage a faɗa a kan kashin yawo? Ai babu yaron ƙauyen da bai taɓa tsayawa da ƙafa ɗaya yana cire ƙayarsa daga dunduniya ba, babu kuma matar da ta taɓa zama tsinkar gyaɗa ba ta yi tsaki saboda shi ba. Gaskiya ne, ƙayar kam kowa ya san ta. Amma in na tambaye ku launin furensa, da yawa za su yi shiru, wasu ma za su ce ai ba ya fure. Yana yi, ruwan ɗorawa ne mai haske, ƙanƙane ƙwarai. Wanda ya koyi gane wannan ɗan fure ya san ranar da ya kamata ya ɗauki fartanya. Wanda bai koya ba sai ƙaya ta soke shi zai tuna, a lokacin kuwa irin baɗi ya riga ya zuba.

To bari mu je bakin gona mu tsuguna mu dube shi da kyau. Tsiro ne mai tsayawa a tsaye, yakan kai gwiwa, inda ƙasa ke da taki har ya wuce. Karansa gashi-gashi ne. Abin da ya fi saurin nuna shi shi ne yadda yake reshe: kara ya rabu biyu ya yi gwafa, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, haka har sama. Ganyensa biyu-biyu ne suna fuskantar juna, manne da kara, su ma da gashi, ga ɗaci. Ku duba tsakiyar gwafar nan, daidai inda reshe ya rabu. A nan furen yake zaune, faɗinsa bai fi rabin santimita ba. Shi ya sa mai wucewa a tsaye ba ya ganinsa.

Abin da ido ke ɗauka fure ɗaya ne, a gaskiya taron furanni ne a kai guda. Na tsakiya maza ne, aikinsu ba da garin fure. Na gefe mata ne, biyar zuwa goma, sun kewaye mazan. Kowace mace ƙwayar iri ɗaya take yi, sai wani ɗan kwanso ya lulluɓe ƙwayar, ya yi tauri, ya fitar da ƙananan ƙugiyoyi a jikinsa, sannan ya fitar da dogayen ƙayoyi biyu a samansa. In ka ɗora guda a tafin hannu, sai ka ga kamar kan ɗan akuya da ƙahoninsa. Aikin nasu ma a rabe yake: dogayen biyu su ne masu suka, ƙananan ƙugiyoyin su ne masu maƙalewa a gashi da tufa.

Wannan tsari na taron furanni a kai guda shi ne alamar wani babban dangi na tsirrai, mai nau'o'i sama da 25,000 a duniya. A cikinsa shuwaka take, da latas ɗin da 'yan lambu ke nomawa, da tazargade, da furen rana da ake matsar mai daga irinsa. Gidan su kashin yawo kuwa ɗan ƙarami ne a cikin dangin, nau'o'insa ba su kai 10 ba. Wani masanin tsirrai Bajamushe mai suna Schrank ya ba gidan sunan Acanthospermum a 1820, sannan a 1836 wani ɗan ƙasar Suwizalan, de Candolle, ya rubuta bayanin wannan namu da ke tsaye a gonakinmu, ya kira shi Acanthospermum hispidum. Ɗalibanmu da ke karatun aikin gona, da wannan suna za ku same shi a littattafanku.

Kada a haɗa shi da tsidau ko ƙarangiya don duk suna suka. Tsidau yaɗo yake a ƙasa, ganyensa ƙanana a jere, furensa ya fi girma, danginsa daban. Ƙarangiya kuwa ciyawa ce sak, 'yar uwar gero, dabba na cinta tun tana ɗanya. Shi kashin yawo dabba ba ta son shi, za mu kuma ga abin da wannan ƙin yake jawowa.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne kashin yawo baƙo ne a ƙasar Hausa. Shi da 'yan gidansu duk daga nahiyar Amurka suke, musamman ta Kudu da ta Tsakiya. Daga wannan nahiya gyaɗa ta zo mana, da masara, da rogo, da tumatir, da barkono, da dankalin Turawan da ake nomawa a Doguwa. Waɗannan mutum ne ya ɗauko su da niyya. Shi kuwa biyo kaya ya yi. A ƙasar Amurka, masana na ganin a ƙarni na 19 ya shiga jihar Fulorida ta tashar jiragen ruwa ta Pensacola, cikin ƙasa da tsakuwar da ake lodawa a cikin jirgi don ya daidaita a kan ruwa, in an iso gaɓa a zubar. Yau manoman gyaɗa na Fulorida da Jojiya da Alabama kuka suke da shi kamar yadda manomin Kiru yake yi. Ya kai Indiya, ya kai Afirka ta Kudu, ya kai arewacin Ostareliya. Tsiron da ba shi da fiffike, iska ba ta ɗaukar irinsa, amma ya gama duniya a jikin mutane da dabbobinsu.

Yadda ya ƙetare teku, haka yake ƙetare iyakar gona. Ku lura da inda ya fi yawa: bakin hanya, burtali, mashaya, juji, bayan gari, filin da ake ɗaure dabbobi ranar kasuwa, tsohon mashekari. Duk wuraren da ƙafa ke yawan bi ne, rana na duka, ƙasa kuma ta sha kashin dabba. Tunkiya ta ratsa cikinsa, ƙaya ta cika mata gashi. Ta dawo gida da yamma, ta goga jikinta a turke ko a bango, ƙayar ta zube cikin taki. Rani ya yi, mai gida ya kwashe takin nan a mangala ko a amalanke ya kai gona, ya zuba tsibi-tsibi. Ruwan farko na sauka, sai ka ga kashin yawo ya fito kewaye-kewaye daidai inda aka zuba kowane tsibi. Duk wanda ya ga haka a gonarsa ya san ta ƙofar gidansa ya shigo.

A nan ina so in yi wata magana, don na san halinmu. Da kaka ta yi, garkunan da suka yi damina a dajin Falgore ko wajejen Dansoshiya suka fito cin kara, sai a ce ai Fulani ne ke kawo mana kashin yawo. E, saniya na ɗaukar sa a wutsiya, babu musu. Amma jakinka fa? Shanun huɗarka fa, da awakin matarka da ke kwana a tsakar gida? Ƙafar wandonka, da zanen mai kawo maka abinci gona, da buhun da ka shimfiɗa a ƙasa, duk masu dako ne. Damin harawar da aka ɗora a mota a Kwanar Dangora aka nufi Kano da shi, ko buhun irin da aka saya a kasuwa ba a tsince ba, su ma haka. Wannan laifi an raba shi daidai tsakanin manomi da makiyayi, kuma dukansu biyun yake cuta.

Ta fuskar makiyayi ma abin ya fi ciwo. Tun da dabba ba ta cin sa, in garke ya daɗe a wuri ɗaya sai ya cinye ciyawa mai daɗi ƙarƙaf ya bar kashin yawo a tsaye. Ciyawar kirki ba ta samu ta zuba iri ba, shi ya zuba nasa. Baɗi ya ƙaru, baɗin baɗaɗa ya mamaye. Saboda haka in ka ga makiyaya ta koma kashin yawo zalla, alama ce an yi mata kiwo fiye da ƙarfinta, tana bukatar hutu. Ga kuma ƙayar da ke shiga tsakanin kofaton tumaki da awaki, dabba ta kama ɗingishi, wurin ya yi ruwa, ƙuda ya samu abin bi. Mai kiwon ragon layya ya san yadda rago ke zubar da kwarjini in gashinsa ya dunƙule da ƙaya.

A gona kuwa, masara da dawa in sun yi ƙarfi sukan yi masa inuwa, shi kuma ba ya son inuwa. Gajerun amfani su ne ke shan wahalarsa: gyaɗa, wake, waken suya. Yana tasowa ya zarce su, ya tare musu rana, ya raba taki da su. Sai kuma ranar cira. Ku tuna zaman tsinkar gyaɗa a gindin bishiya: mace ta miƙa hannu ta jawo dami, ta saki da sauri, ta kai yatsa baki, ta tsaya tana neman ɗan tsinin da ya karye a ciki. Aikin da za a gama kafin azahar sai ya kai la'asar. 'Yan ƙwadago in sun leƙa gona suka gan shi, kuɗin aiki ya tashi. Harawar da ta cakuɗe da shi mai saye zai taya ta da araha, don ya san za ta ji wa dabba ciwo a baki. In auduga ce, ƙayar ta shige cikin kaɗa, fitar da ita sai an yi asarar wani abu.

Kalma ɗaya ga masu ciwon sukari. Wannan ciwo yana rage jin zafi a tafin ƙafa, mutum ya taka ƙaya bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambon da ke ƙin warkewa. Kada ku shiga gona ko bayan gari ba takalmi, kuma ku riƙa duba ƙafafunku kowane dare.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da filin noma da kiwo, muna magana a kan kashin yawo. Yanzu sai batun magani, don na san akwai masu jira su ji ko zan taɓo shi.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ba, a wurare da dama na Afirka ta Yamma ana dafa ganyensa a sha don shawara, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki. Masu bincike ba su raina wannan ba. An gwada shi a ɗakunan gwaje-gwaje, an kuma samu wasu sinadarai a cikinsa da ke taɓa ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a cikin kwalba. Amma tsakanin kwalba da cikin ɗan Adam akwai tafiya. Ku dubi ɗan uwansa na dangi, tazargade. Daga wani nau'insa na ƙasar Sin aka fitar da sinadarin da ke cikin maganin zazzaɓin da asibitocinmu ke bayarwa yau. Malama Tu Youyou da abokan aikinta sun ware sinadarin a 1972, aka yi shekaru ana gwaji ana auna yawan da jiki zai ɗauka, sai a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Kashin yawo bai bi wannan hanya ba tukuna.

Akwai kuma abin da ya kamata ya sa mu yi hattara. A 1978 masu bincike a Jami'ar Khartoum ta Sudan sun ciyar da awaki da ɓeraye wannan tsiro, suka ga ya lalata musu hanta da ƙoda. To shawara, wato idon mutum ya yi ɗorawa, sau da yawa hanta ce ke kuka. Hantar da ta riga ta jigata, a ɗura mata abin da aka ga ya illata hantar akuya, ba tare da awo ba, kofi bayan kofi? Ni a ganina wannan kasada ce da ba ta da dalili, alhali akwai asibiti a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa inda za a duba jini a san irin ciwon. Iyayenmu mata masu juna biyu kuwa, ku nisance shi gaba ɗaya. A Burazil an ba ɓeraye masu ciki wani haɗi da aka yi da shi, aka ga nakasa a jikin 'ya'yan. Kada kuma a ba jariri. Makiyayi ma ya kula da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, dabba mai yunwa ba ta zaɓe.

To yaya za a yi da shi? Sauƙin da Allah ya yi mana shi ne ɗan shekara ɗaya ne. Ba shi da saiwar da ke kwana a ƙasa ta sake tohowa irin ta tofa ko ƙiri-ƙiri. Ya tsiro, ya yi fure, ya zuba iri, ya mutu. Rayuwarsa duka a kan irin nan take, tushe ɗaya mai ƙarfi kuma yana zuba ɗaruruwa. In ka hana shi zuba iri, ka yanke masa baya.

Inda muke faɗuwa ba a noman farko ba ne, ba kuma a maimai ba. Waɗannan kowa na yi. Matsalar ita ce irinsa ba ya tsirowa gaba ɗaya. Wani ya fito da ruwan farko, wani sai tsakiyar damina, wani ma ya kwanta a ƙasa sai wata shekara. Manomi ya gama maimai, ya yi huɗa, ya rataye fartanya, ya ce sai girbi. Wanda ya tsiro bayan nan, cikin Agusta da Satumba, babu mai taɓa shi, don an ga ba zai rage amfanin bana ba. Shi ne kuwa yake cika gona da irin baɗi. Saboda haka a ƙara zagaye ɗaya bayan huɗa. Ba noma ba ne, bi ne kunya-kunya da hannu, ana tuge duk wanda aka gani. Ƙasa na da laima, saiwarsa ba ta da zurfi, yaro ma zai iya. Ma'aunin kuwa shi ne furen nan: muddin ɗan ɗorawar ne kawai a cikin gwafa, tuge ka yar a nan, zai ruɓe ya zama taki. In ƙaya ta riga ta fito ta yi tauri, kada ka yar a gona, kada kuma ka ja shi a ƙasa yana kaɗewa. Zuba a buhu, kai wuri guda, in ya bushe ka ƙone tarin. Tarin na ce, ban ce a cinna wa daji wuta ba.

Kada a tsaya a cikin gona. Gefen gona, gindin shinge, hanyar da ta ratsa, nan ne rumbunsa. Gona tsaf, iyaka cunkus da kashin yawo, aikin banza ne. Masu noman rani a ƙasan madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da masu fadamu, ku tuna shi bai san kalanda ba. In ya samu laima da rana zai fito, don haka a riƙa duba bakin kwatoci.

Taki kuma a bar shi ya ruɓe kafin a kai gona. A tara shi tsibi babba, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Zafin da yake ɗauka a ciki yana kashe iri mai yawa, takin ma ya fi kyau. Dabbobin da suka dawo kiwo da ƙaya a jiki, a tsefe musu a wuri ɗaya, a share a sa a wuta, kada a bari ta bi shara zuwa juji. Irin shuka a tsince shi a faifai. A kuma cike giɓin shuka, don duk inda rana ta samu ƙasa tsirara, nan yake kafa ƙafa.

Maganin feshi fa? Yanzu kusan kowane matashi da goyon famfo a baya, amma a san abu biyu. Wasu magungunan da ake fesawa a gonar gyaɗa don ciyayi masu siririn ganye ba sa yi masa komai sosai, sai ma su share masa fili. Da yawa daga cikin waɗanda ke kashe shi kuwa, na masu faɗin ganye, ba su san bambancinsa da wake ko gyaɗa ko auduga ko tumatir ba, mu kuma gonakinmu na haɗe-haɗe ne, dawa da wake a kunya ɗaya. Kafin ka sayi kwalba, nemi malamin gona na hukumar KNARDA da ke yankinku, ka gaya masa abin da ka shuka da abin da maƙwabcinka ya shuka. Feshi bayan ƙaya ta ƙosa kuwa zubar da kuɗi ne, ka kashe uwa ka bar 'ya'ya.

Kada wanda ya yi wannan aiki bana ya ga kashin yawo baɗi ya ce ƙarya muka yi. Irin da ya zuba a shekarun baya yana nan a ƙasa, sai an jera 'yan damuna ana hana sabo zuba kafin a ga ya ja baya. Kuma aikin mutum ɗaya ba ya isa inda dabbobin gari duka ke bin hanya ɗaya.

Don haka kiranmu ga dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo da ƙungiyoyin matasa, daga Kofa har Riruwai: a sa rana guda cikin wannan mako ko na gaba, a yi gayya. A bi burtali, da mashaya, da filin makaranta inda yara ke gudu ba takalmi, da filin idi, da hanyar maƙabarta. Manomi ya fito, makiyayi ya fito. Yanzu yake fure, hannu ma ya isa. Nan da 'yan makonni sai da safar hannu da buhu.

A nan za mu dakata.  

(Kiɗan rufe shiri)